Ajin kodin da haɗa mutum-mutumi na 'yan firamare: abin da na gani bayan zango guda

'Yata mai shekara tara ta kammala zango guda a ajin koyon kodin (wato tsara wa kwamfuta umarni) da haɗa mutum-mutumi na masu farawa, wanda wata cibiya ke gudanarwa a ƙarshen mako domin yaran firamare. Iyaye da dama sun tambaye ni ko abin ya kai a yi masa ɗawainiyar kai yaro da ɗauko shi. Amsata ita ce ya kai, amma da sharaɗi. Kayan aikin da ake nunawa a takardar talla suna da kyau, sai dai amfanin da yaro zai samu kusan duka yana hannun malamin da zai tsaya a kansa.

A makonnin farko ko mutum-mutumi ɗaya ba a fito da shi ba. Yaran sun yi ta ƙorafi, wasu iyayen ma sun taya su. Da Scratch aka fara, wata manhajar kyauta da aka ƙirƙira a sashen Media Lab na jami'ar MIT da ke Amurka, a ƙarƙashin jagorancin Mitchel Resnick, aka kuma fitar da ita a 2007 domin yara 'yan shekara 8 zuwa 16. Yaro ba ya rubuta umarni da harufa. Wasu tubala ne masu launi-launi yake jawowa yana jera su, kowane tubali da aikinsa: wannan ya ce tafi, wancan ya ce juya, wani ya ce maimaita. Tubalin da bai dace da gurbi ba, ba zai shiga ba. Hikimar a nan ita ce an ɗauke wa yaro wahalar kuskuren harafi da waƙafi, wanda ke sa manya ma su yi zuciya. Kuskuren da ya rage masa shi ne na tunani, kuma shi ake so ya yi fama da shi.

Akwai ranar da na zauna a bayan aji, ita ce ta gamsar da ni. Malamar ta sa su zana murabba'i: tafi taki 100, juya digiri 90, maimaita sau 4. Kowa ya yi. Sai ta ce to a zana alwatika mai gefuna daidai. Wani yaro ɗan aji shida ya ɗaga murya ya ce kusurwarta digiri 60 ce, duk ajin suka kwafa. Da 'yata ta danna koriyar tutar da ke sa umarnin ya fara aiki, abin da ya fito a fuskar kwamfutar layi uku ne da suka buɗe baki, ko kusa da haɗuwa ba su yi ba. Ta sake dannawa, ta sake samun haka. Ta yi tagumi, sannan ta ɗaga hannu.

Malamar ta zo ta tsaya, hannayenta a baya. Ba ta taɓa kwamfutar ba. Ta ce mata, "Tashi ki taka alwatikar nan a ƙasa da ƙafarki, ki lura da yadda jikinki ke juyawa a kowane lungu." Yarinyar ta taka, ta juya, ta tsaya cak. Ta ce, "Malama, ai juyin ya fi na murabba'i yawa." Ta koma ta gwada 100, ta gwada 110, sai a 120 layukan suka haɗe. Kafin a tashi ita da wadda ke kusa da ita sun gano cewa 90 sau 4 da 120 sau 3 duk 360 suke bayarwa, wato zagaye guda cikakke. Babu wanda ya faɗa musu.

Wannan dabarar ba sabuwa ba ce. Seymour Papert, wanda ya yi aiki da masanin tunanin yara Jean Piaget kafin ya koma MIT, shi da Wally Feurzeig da Cynthia Solomon suka ƙirƙiro harshen kwamfuta mai suna Logo a 1967, wanda daga baya ya shahara da ɗan kunkurun da yara ke ba umarni yana zana layi. Abin da Papert ya dage a kai shi ne yaro ya sa kansa a matsayin kunkurun, ya taka hanyar da jikinsa, sannan ya gyara umarninsa da kansa. Scratch jikar wannan tunanin ce. Na ji daɗi ƙwarai da na ga malamar da ta fahimci haka.

Daga nan aka koma kan micro:bit, ɗan allon kwamfuta da bai cika tafin hannu ba. BBC ce ta jagoranci samar da shi, kuma a 2016 an raba wajen miliyan guda kyauta ga ɗalibai 'yan shekara 11 zuwa 12 a Birtaniya. Yana da ƙananan fitilu 25 a jere biyar-biyar, da maɓallai biyu, A da B, da na'urar da ke jin motsi, da rediyon da yake magana da ɗan'uwansa ta cikinsa. Sabon samfurin da ya fito a 2020 har makirufo da lasifika gare shi. Ana tsara shi da MakeCode ta Microsoft, ita ma da tubala, don haka yaron da ya saba da Scratch ba ya jin baƙunta. Sun yi ɗan wasan da in ka girgiza allon zai nuna lamba tsakanin 1 da 6, sun kuma aika wa juna saƙo daga wannan ƙarshen aji zuwa wancan. Ranar ajin ya kaure da ihu.

Sai a rabi na biyu na zangon aka fito da abin da kowa ke jira: 'yar mota mai taya biyu da ake soka micro:bit a kanta. A gabanta akwai wasu abubuwa biyu masu kama da idanu. Ɗaya yana fitar da sautin da kunnen mutum ba ya ji, ɗayan yana sauraron dawowarsa, kamar yadda jemage ke gane hanya cikin duhu. Tunda sauti na tafiyar kusan mita 343 a daƙiƙa guda cikin iska, lokacin da ya ɗauka kafin ya dawo shi ke nuna nisan abin da ke gaba. A ƙarƙashin motar kuma akwai na'urorin da ke haska ƙasa da hasken infared, wanda ido ba ya gani. Farin wuri yana maido da hasken, baƙin layi yana shanye shi, da haka motar ke bin layi.

A nan ne na ga abin da mutum-mutumi ke koyarwa wanda fuskar kwamfuta ba za ta koyar ba. A Scratch, in ka ce juya 90, to 90 ɗin za a juya kullum. Motar kuwa da lokaci ake juya ta, a ce taya ɗaya ta yi gaba, ɗayar ta yi baya na rabin daƙiƙa, kuma da batir ya fara sanyi sai juyin ya ragu, alhali umarnin bai canza ba. Motar rukunin 'yata tana tsayawa lafiya lau a gaban bango, amma ta je ta afka wa labule, domin yadi mai laushi yana shanye sautin maimakon ya maido shi. Wata kuma tana bin layi daidai har sai ta zo kusa da taga, inda hasken rana, wanda shi ma yana ɗauke da infared, ke rikita ta. Yaran sun koyi tambayar kansu: laifin umarnina ne, ko na batir, ko na wurin? A ganina ita ce tambaya mafi daraja a duk zangon.

Yanzu ga inda raina ya ɓaci. Malamai biyu ne ke karɓa-karɓa, kuma na biyun mutumin kirki ne amma ba shi da haƙuri. Da yaro ya ce abu ya ƙi, sai ya janyo kwamfutar ya gyara cikin ƙiftawar ido ya wuce. Motar ta tafi, yaro ya yi murna, amma ka tambaye shi me aka gyara sai ya zuba maka ido. A ranakunsa 'yata kan dawo gida ba ta da labarin komai. Ga shi kuma yara uku ne ke raba mota guda. Malamar takan juya aiki a tsakaninsu, wannan ya haɗa, wannan ya tsara umarni, wannan ya gwada, sannan a sauya. A ranakun malamin kuwa wanda ya fi baki shi ke ƙwace komai, masu kunya su koma 'yan kallo da miƙo sukurudireba. Na lura 'yan matan ne suka fi shiga wannan hali, kuma na faɗa wa shugaban cibiyar haka ba tare da ɓoye-ɓoye ba.

Haɗa 'yan shekara shida da 'yan sha ɗaya a aji guda ma bai yi ba. Ƙananan ba su gama iya karanta rubutun da ke jikin tubalan ba, sai su yi ta kwaikwayon na kusa da su. Akwai ScratchJr da aka fitar a 2014 musamman domin 'yan shekara 5 zuwa 7, wadda tubalanta hotuna ne. Ita ta dace da su, a ajinsu daban.

Ranar baje kolin ƙarshen zango an yi ado, an raba takardun shaida, an yi ta jawabi a kan ayyukan gobe da ƙirƙirarriyar basira, abin da ko sau ɗaya ba a taɓa a aji ba. Motocin duk sun yi aiki sumul, har abin ya yi yawa. Da muka dawo na ce wa 'yata ta yi min bayanin umarninta tubali bayan tubali. Ta yi bayanin mafi yawansa da ƙarfin gwiwa, sai ta zo wani sashe ta ce, "Baba, wannan Malam ne ya sa." Da an bar motarta ta kauce layi a gaban jama'a, ta tsuguna ta gyara, da ya fi min daɗi.

Ba a ba yara kayan su tafi da su gida, amma hakan bai hana ta ci gaba ba. MakeCode tana da micro:bit na gwaji a fuskar kwamfuta, Scratch kuma ana iya sauke ta a yi aiki ba tare da intanet ba. In yaro zai buɗe asusu a shafin Scratch, iyaye su sani cewa duk aikin da ya wallafa kowa na iya gani har ya yi tsokaci, don haka kada ya sa sunansa na gaskiya, kuma a riƙa leƙawa.

Duk mai niyyar sa ɗansa, ya nemi a bar shi ya zauna a aji sau ɗaya kafin ya yi rajista. Ya ƙirga yara nawa ke kan na'ura guda, ya kuma zuba ido ya ga abin da malami zai yi sa'ad da aikin yaro ya ƙi. Cibiyar da ta hana iyaye shiga aji, ni dai ba zan kai nawa ba. Mun sake yin rajistar zango na biyu bayan an tabbatar min za a raba ajin gida biyu bisa shekaru, kuma 'yata za ta kasance a rukunin malamar. Sun ce masu ƙoƙari za su fara duba yadda tubalan MakeCode ke komawa rubutun Python, harshen kwamfuta da ake rubuta umarninsa da harufa. Na roƙe su kada su yi mata gaggawa, domin har yanzu tana fama da yadda za ta sa motar ta gane labule.