Sharhi: Ƙaramar sakandaren gwamnati ta jeka-ka-dawo, me take bayarwa, me ya rage wa unguwa?

Wannan sharhi kan ƙaramar sakandaren gwamnati ne ta jeka-ka-dawo, irin wadda ake samu a unguwannin Kano, Katsina, Zariya ko Gusau, aji ɗaya zuwa aji uku, inda yaro ke shiga da shekara goma sha biyu ko kusa da haka. Hukuncinmu tun daga farko: makarantar na iya fitar da yaro da ilimi mai kyau a kan kuɗi kaɗan, amma fa sai a inda mutanen unguwa suka tsaya a kanta. Makarantu biyu a ƙaramar hukuma ɗaya, manhaja ɗaya, albashi ɗaya, sai ka tarar da bambancinsu ya wuce misali, kuma idan ka bi diddigi yawanci za ka ga kwamitin makaranta ne ke aiki a ɗaya, a ɗayar kuwa suna ne kawai a takarda.

A doka karatun kyauta ne. Shugaba Obasanjo ya ƙaddamar da shirin ilimin bai-ɗaya na UBE a Sakkwato a 1999, dokar 2004 kuma ta mayar da shekara tara na farko, shida na firamare da uku na ƙaramar sakandare, kyauta kuma dole. To amma kyautar ba ta hana aljihu motsi. Uba zai ɗinka yunifom, gara ma kala biyu saboda wanki, ya sayi bajo da sandal, da hijabi idan mace ce, ya sayi littafin rubutu na kowane darasi, ga kuɗin tara kullum. Wasu makarantun na karɓar kuɗin PTA a zango, wasu na neman na buga takardun jarrabawa. Duk kuɗin da aka ce a kawo, a tambayi taron da aka yanke shi da kuma rasit. Idan babu ko ɗaya, ba kuɗin makaranta ba ne.

Safiya ita ce ɓangaren da ya fi tsari. Kafin ƙarfe takwas an share harabar, an yi layin asambuli, an yi addu'a da taken ƙasa, malamin ladabtarwa ya tsaya a bakin ƙofa yana tare 'yan makara. Kowane darasi minti arba'in ne ko ƙasa da haka kaɗan, kuma jadawali mai hankali yana sa Lissafi da Turanci a farko, lokacin da kai bai yi zafi ba. A manyan garuruwa inda ɗalibai suka fi ƙarfin azuzuwa ana raba su 'yan safe da 'yan rana. Wanda yake da zaɓi ya nemi na safe. Na rana yana cin karo da zafin watan Maris da Afrilu a ƙarƙashin kwano, yana cin karo da Islamiyyar la'asar, sa'o'insa kuma sun fi gajarta.

Matsalar tana farawa ne daga tashin tara. Masu awara, ɗanwake, gurasa da rogo da ƙuli suna bakin ƙofa, yara su fita saye, kuma a makarantar da ba ta da katanga ba duka ke komowa ba. Rajistar aji tana da gurbin kiran suna sau biyu, na safe da na bayan tara, amma malaman aji da yawa na safen kawai suke kira, su cike ɗayan daga baya a ofis. Don haka yaro zai iya zama mai cikakken zuwa a takarda alhali rabin darussansa a gidan kallon ƙwallo ko bakin kasuwa ya yi su. Maganin ba ya cin kuɗi: a shigo da masu abinci cikin haraba, a ba su wuri ɗaya a inuwa, a rufe ƙofa, a kira suna karo na biyu.

A cikin aji kuwa, ƙa'idar gwamnati ita ce ɗalibi arba'in ga malami ɗaya, ɗakin ma don wannan adadi aka auna shi. A cikin birni ba abin mamaki ba ne a ga ninki biyu ko fiye, benci mai cin mutum uku ya ɗauki biyar, na gaba suna zaune a ƙasa dab da allo. Illar cunkoso ba a hayaniya kaɗai take ba, a duba aiki take. A ƙaddara malamin Turanci yana da aji biyar, kowanne da yara tamanin. Littafi ɗari huɗu ke nan. Idan ya ba kowane littafi minti biyu kacal, aikin gida guda ɗaya zai ci masa sama da awa goma sha uku. Shi ya sa ake daina ba da insha'i, a koma kwafar rubutu daga allo, monita ya karɓi littafin malam yana rubutawa, yara suna kwafa ba tare da sun fahimta ba. Iyaye su buɗe littafin yaro su nemi jan biro. Littafin da ya cika da rubutu mai kyau amma babu gyaran malami ko sau ɗaya a wata, kwafa ce aka yi, ba karatu ba.

Malaman kansu, mafi ƙarancin shaidar koyarwa ita ce NCE, kuma akwai ƙwararru da yawa a cikinsu, wasu sun fi na makarantun kuɗi na unguwa takarda da gogewa nesa ba kusa ba. Rabonsu ne ba daidai ba. Za ka samu malaman Hausa, Addini da Zamantakewa sun wadata, amma Lissafi da Kimiyya mutum ɗaya ne ke jan makaranta gaba ɗaya. Ana toshe gurbin da masu bautar ƙasa da ɗaliban kwalejin ilimi masu koyon aiki. Suna taimakawa, sai dai ɗan bautar ƙasa shekara ɗaya yake yi, mai koyon aiki 'yan watanni, kuma wanda aka turo daga kudu ba ya jin Hausa, yaran aji ɗaya kuma da yawansu ba su kai ga jin Turanci ba. Wannan giɓin harshe shi ne babban abin da ke kayar da yara a shekarar farko. Makarantar da ta san aikinta tana gwada karatun sababbin ɗalibai a makon farko, ta ware waɗanda ba sa iya haɗa baƙi, ta ba su darasin karatu na musamman kafin zango ya yi nisa.

Gini yana lalacewa ta hanyoyin da aka sani, kuma kusan duka daga ƙarami suke farawa. Iskar farkon damina ce ke yaye rufi, amma ba ta yaye wanda aka ɗaure katakonsa da ƙarfe a jikin bango. Wanda gara ta cinye ko aka kafa da ƙusa kawai take ɗauka. Kwano ɗaya da ya ɗaga a watan Afrilu aikin kafinta ne na rabin yini. Idan aka bar shi, ruwa ya jiƙa silin, silin ya rufto, daɓe ya farfashe, kafin shekara biyu ajin ya zama kango, an kwashe yaransa an cusa a na kusa. Benci kuma a mahaɗa yake mutuwa: na ƙusa yana saki cikin zango biyu ko uku, mai ƙafar ƙarfe da noti ya fi jimiri, muddin akwai mai bi yana ɗaure notin. A yawancin makarantu akwai ɗakin da aka tara karyayyun kujeru har rufi, kuma kafinta ɗaya da kwalin ƙusa zai iya tayar da kaso mai yawa daga ciki a hutun zango.

Ruwa da bayan gida su ne inda makarantun nan suka fi faɗuwa. Famfon tuƙa-tuƙa yakan tsaya ne saboda robar cikin silinda ta cinye ko sanda ta kwance, gyaran da bai kai a kira shi aiki ba, amma da yake babu wanda aka ɗora wa alhakin, sai ya shekara a haka. Bayan gidan da ba shi da ƙofa ko ruwa, yara maza za su lallaɓa bayan katanga, 'yan mata kuwa ba za su iya ba. A shekarun nan ne yawancinsu ke fara al'ada, don haka yarinya za ta zauna a gida kwana uku ko huɗu duk wata, a rubuta mata rashin zuwa, ba wanda ya tambayi dalili. A makarantar da babu mai gadi kuma, mutanen waje ne ke mamaye bayan gidan da dare, da safe ba ya shiguwa.

Nan ne aikin kwamitin gudanar da makaranta, wato SBMC, yake. Mutane da yawa na ɗaukarsa PTA ce aka sake wa suna, alhali ba haka ba ne. PTA ta iyaye da malamai ce. SBMC na unguwa ne baki ɗaya, har da wanda ba shi da ɗa a makarantar: mai unguwa ko dagaci, limami, wakilan mata, tsofaffin ɗalibai, masu sana'a irin su magina da kafintoci, wakilin malamai, wakilin PTA, da ɗalibai biyu, namiji da mace. Shugaban makaranta sakatare ne, ba shi ne shugaban kwamiti ba, kuma duk inda ka ga ya haɗa biyun, an karya tsarin tun daga tushe. Kusan shekara ashirin ke nan da Majalisar Ilimi ta Ƙasa ta amince a kafa irin wannan kwamiti a makarantu, shirin ESSPIN da Birtaniya ta ɗauki nauyi daga 2008 kuma ya horar da su sosai a Kano, Kaduna da Jigawa.

Kwamiti mai rai ana gane shi da abubuwa kaɗan. Yana zama aƙalla sau ɗaya ko biyu a zango, yana da littafin da ake rubuta abin da aka tattauna da wanda aka ɗora wa kowane aiki. A farkon shekara yana zagaya makarantar aji-aji, ya ƙirga benci, tagogi, malamai da ɗalibai, ya fitar da tsarin raya makaranta mai buƙatu uku ko huɗu da za a iya yi, ba jerin buri ashirin ba. Yana raba su biyu: abin da unguwa za ta iya da hannunta, kamar gyaran famfo da ƙofar bayan gida, da abin da sai an rubuta wa ofishin ilimi, kamar ƙarin malamin Lissafi ko sabon gini. Asusunsa na banki ba ya fitar da kuɗi da sa hannun mutum ɗaya. Sannan ana manna lissafin shiga da fita a allon sanarwa inda kowa zai gani.

Aikin da ya fi kowanne tasiri kuma bai buƙatar ko sisi: bibiyar yaran da suka daina zuwa. Malamin aji ya miƙa sunan duk wanda ya yi mako biyu ba a gan shi ba, mata biyu daga kwamiti su shiga gidan. Namiji ba zai wuce zaure ba, kuma dalilin yana cikin gida: talla ce, ko yunifom ya yage, ko an fara maganar aure tun tana aji biyu, ko an tura yaron gona ko garejin wani. Shi ya sa kwamitin da matansa ke zaune a baya ba sa magana ya rasa rabin ƙarfinsa. Inda ake jin nauyin magana a gaban mai unguwa da liman, gara matan su yi nasu zaman daban, wakiliyarsu ta kawo matsayarsu.

Abin da ke kashe kwamiti shi ne kuɗi, zuwansa da rashinsa. Shirin AGILE na Bankin Duniya don ilimin 'yan mata, wanda aka amince da shi a 2020 da dala miliyan 500, ya fara da jihohi bakwai, ciki har da Kano, Kaduna, Katsina, Kebbi da Borno, kuma yana tura tallafin gyaran makaranta ta hannun waɗannan kwamitoci. An ga amfaninsa a rufi, kujeru da bayan gida. An kuma ga inda aka farfaɗo da kwamiti dare ɗaya don a buɗe asusu, aka cika shi da 'yan uwa da abokan siyasa, aka shafa fenti a bangon da ke kallon titi, kuɗi na ƙarewa zama ya ƙare. Fenti ba ya cikin abin da za a auna makaranta da shi. Manyan gine-gine kuwa sukan jira kuɗin UBEC, hukumar ilimin bai-ɗaya ta tarayya, wanda ba ya fitowa sai jiha ta ajiye nata kason daidai da na tarayya, kuma jinkirin hakan na daga cikin dalilan da ke sa takardar neman sabon aji ta daɗe ba amsa.

Wajen jarrabawa, shekara zango uku ce, ana haɗa makin gwaje-gwajen cikin zango da na jarrabawar ƙarshe, a aji uku kuma a rubuta BECE, ta jiha ko ta NECO, wadda da ita ake wucewa babbar sakandare. Kada katin sakamako ya ruɗi kowa. Yaro zai iya zuwa na biyar a ajin mutum casa'in da maki arba'in a Lissafi. A duba makin, ba matsayin ba, a kuma ba shi shafi ɗaya na littafin Turancinsa ya karanta da ƙarfi ya faɗi ma'anarsa da Hausa.

Ga wanda ke shawarar kai ɗansa, ya je makarantar ranar Talata ko Laraba da misalin sha biyun rana, ba ranar buɗe zango ba. Ya ƙirga azuzuwan da malami ke tsaye a ciki a wannan lokacin. Ya taɓa famfo ya ga ko yana kawo ruwa, ya leƙa bayan gidan mata ya ga ko da ƙofa. Sannan ya roƙi shugaban makaranta, cikin ladabi, ya nuna masa littafin zaman kwamiti, ya duba kwanan watan zama na ƙarshe. Idan waɗannan sun yi kyau, makarantar ta fi ƙananan makarantun kuɗi da yawa da ake buɗewa a gidajen haya, sai dai a ƙara wa yaro darasin Lissafi da Turanci da yamma ko a ƙarshen mako. Idan ba su yi kyau ba kuma babu halin wata makarantar, a tambayi ranar zaman kwamiti na gaba da sunan wakilin iyaye a cikinsa.