Zama a gidan iyali lokacin horon aiki a Jamus: sharhi ga ɗaliban Kebbi da Zamfara

Sau biyu na yi amfani da tsarin sauke ɗalibi a gidan iyali a Jamus, na farko ƙasa da wata uku, na biyu wata shida na horon sanin makamar aiki, duka ta hannun wani kamfani mai haɗa ɗalibai da masu masauki. A ganina tsarin yana da kyau, ya fi kama ɗaki kai kaɗai, musamman ga mai son harshen ya zauna masa a baki. Sai dai fom ɗin kamfanin ba a tsara shi da Bahaushe Musulmi a rai ba, kuma duk abin da ba a rubuta kafin tafiya ba, shi ke zama matsala. Ɗalibin Aliero, Birnin Kebbi ko Gusau da ya taɓa zuwa gajeriyar ziyara, yanzu yake shirin komawa, shi na fi nufi da wannan rubutu.

Kuskuren mai komawa shi ne ya ɗauka takardun bara za su yi masa bana. Zaman da bai wuce kwana 90 ba bizar Shengen ake nema, kuɗinta Yuro 90, da inshorar lafiya ta aƙalla Yuro 30,000. Da zaman ya haura kwana 90, sai bizar ƙasa, wato ta dogon zama a Jamus, mai Yuro 75, kuma takardunta daban ne: yarjejeniyar horo da wurin aiki, shaidar cewa har yanzu kai ɗalibi ne, kuma galibi da amincewar hukumar samar da aiki ta Jamus. Neman bizar yana buƙatar tafiya, don haka a saka kuɗin mota da na kwana cikin lissafi. Kamfanin bai taɓuka komai a nan ba, takardar shaidar masauki kawai ya bayar.

Batun rajista ya fi wannan muhimmanci. Wanda zai wuce wata uku dole ne ya yi rajistar adireshinsa a ofishin gari cikin mako biyu da shiga gidan, kuma ba za a karɓe shi ba sai da takardar da mai masauki ya sa wa hannu cewa lallai nan yake zaune. Bayan rajistar ne lambar haraji ke zuwa ta gidan waya, wadda wurin aiki zai nema in har yana biyanka. Inda abin ke lalacewa shi ne idan mai masaukin ma ɗan haya ne, bai nemi izinin mai gida ba kafin ya sauke ka. Sai ka ga yana ta jan ƙafa kan sa hannu. Tambayi kamfanin a rubuce, tun kana gida, ko iyalin za su bayar da wannan takarda. Ka kuma roƙa a liƙa sunanka a akwatin wasiƙu, domin da suna ake raba wasiƙa a can. Takardar kuɗin rediyo da talabijin, Yuro 18.36 a wata, za ta zo da sunanka. Gida ɗaya ke biya sau ɗaya, lambar da mai masaukin ke biyan kuɗin da ita kawai za ka tura wa hukumar da ta aiko takardar.

Abinci ne ya fi ɗaukar hankalina. Fom ɗin yana da gurbi ɗaya, “ba na cin naman alade”, kuma masu masauki suna mutunta shi da zuciya ɗaya. Amma bai isa ba. Abincin daren Bajamushe sau da yawa burodi ne da cuku da yankakken nama ko tsiran nasara mai sanyi, wanda ko an rubuta kaza a jikinsa yana iya ƙunsar alade. Koyi kalmomi huɗu ka riƙa dubawa a kwali: Schwein (alade), Schinken da Speck (nau’o’in nama, galibi na alade) da Gelatine (sinadarin da sau da yawa daga alade ake samunsa). Akwai kuma giya da ake zubawa a miya ko kek, wadda uwar gida ba ta ɗauke ta a bakin komai ba. Abin da ya fi sauƙi shi ne a rubuta cewa za a ba ka kifi, ƙwai da kayan lambu, nama kuma kai za ka sayo daga shagunan Turkawa ko Larabawa masu sayar da halal, a ware maka tukunya ɗaya, wuƙa, katakon yanka da gefe guda a firij. Wanda ya saba da tuwon shinkafa mai zafi da dare, burodi ba zai riƙe shi ba, saboda haka ya nemi izinin girki sau biyu ko uku a mako, ya buɗe taga in zai soya tattasai da daddawa.

Kada a ɗauko kilishi, dambun nama ko man shanu. Tarayyar Turai ta haramta shigo da nama da kayan madara a jakar matafiyi, za a ƙwace, ana iya cin tara. Kuka, busasshiyar kuɓewa da yaji sun fi amfani. A sayi mahaɗin soket biyu, domin filoginmu mai ƙafa uku ba ya shiga nasu mai rami biyu. A sa buta ƙarama a jaka.

Butar nan da alwala suna buƙatar bayani tun ranar farko. Banɗakinsu busasshe ne, ba magudana a ƙasa, ruwan da ya zuba sai an goge. Ajiye tsumma naka. Ka faɗa musu lokutan sallah, domin daga ƙarfe 10 na dare zuwa 6 na safe lokacin shiru ne, kuma a watan Yuni asuba na yi da sauran dare sosai, rana ba ta faɗuwa sai wajen tara da rabi. A Disamba kuwa azahar, la’asar da magariba duk suna iya riskarka a wurin aiki, rana na faɗuwa kafin huɗu da rabi. Da aka yi bayani, ban ga wanda ya ƙi ba. Zancen kare ma a yi shi a fili: da yawa cikin ɗaki suke kwana da shi, kuma kamfanin ya amsa buƙatar gidan da ba kare ba tare da gardama ba. Ɗaliba mace tana iya neman gidan da mace ce kaɗai ko mai ’ya’ya mata, ta kuma sa a yi kiran bidiyo tsakanin uwar gidan da Baba da Inna. Hankalin iyaye ya fi kwanciya in sun ga fuska.

A karanta yarjejeniyar haya da kyau. Kuɗin ajiya a doka bai wuce hayar wata uku ba, kuma ɗaki mai kaya a cikin gidan mai masauki ana iya ba da sanarwar tashi ranar 15 ga wata ka fita ƙarshen watan. Kamfanin ya yi alkawarin sauya gida in aka sami saɓani, amma bai faɗi cikin kwana nawa ba, wannan kuwa babban giɓi ne. A nemi a rubuta shi. A yanki inshorar ɓarna, wadda suke kira Haftpflicht, a tabbatar ta haɗa da ɓatan makulli, domin sauya kwaɗon bene gaba ɗaya kuɗi ne mai yawa.

Kada kuma a dogara da albashi wajen biyan hayar. Horon da jami’a ta wajabta ba ya cikin dokar mafi ƙarancin albashi, wanda ya kasance Yuro 12.82 a awa a 2025. Na ganin dama da ya wuce wata uku ne ke ciki. Kafin ka biya kamfanin ko kwabo, ka ga adadin da wurin aiki zai ba ka a rubuce, ka cire haya, inshora da tikitin mota na wata, ka ga abin da ya rage.