Gwajin ƙasar fadama a Gombe: sun iya dalma, sun gaza a man taransifoma

Wani ɗakin gwaji mai zaman kansa a cikin garin Gombe yana karɓar ƙasa da ruwa daga masu noman rani don duba guba. Aikinsu na ƙarafa masu guba, wato dalma da kadmiyam, abin yabawa ne. Suna shanya ƙasar a inuwa, su tace ta da rariya mai ido milimita 2, su narkar da ita a asid, sannan na'urar AAS, mai auna yawan ƙarfe a cikin samfur, ta ba da sakamako a miligiram cikin kowane kilo. Suna kuma rubuta tsamin ƙasa, kuma wannan layin shi ya kamata manomi ya fara dubawa. Dalma tana maƙalewa a yumɓu, a tsatsar da ke jikin ƙwayar ƙasa, da ruɓaɓɓen taki. Da zarar tsami ya yi yawa, musamman in pH, wato ma'aunin tsami, ya sauka ƙasa da 6, riƙon ya saki, kadmiyam ya fara hawa cikin alayyafo da latas. Tun bayan abin da ya faru a Zamfara a 2010, inda gubar dalma ta kashe ɗaruruwan yara, ba wanda ke wasa da wannan.

Inda muke da ja da su shi ne, in ba ka nema ba, ruwa kawai suke auna maka. Ruwan kwata da ya bi ta garejin makanikai ko wurin fasa batir yana iya fitowa sumul a takarda, alhali gubar ta kwanta cikin laka. PCB, wani sinadari mai guba da ke cikin tsohon man taransifoma, ba ya son ruwa ko kaɗan. Baƙar laka mai ruɓaɓɓen ganye yake kamawa, ya zauna gomman shekaru. Yashi ba ya riƙe shi sosai. Shi ya sa laka mai laushi da ke taruwa a inda ruwa ya lafa, kamar bayan madatsar Dadin Kowa, ita ce wurin ɗiba, ba yashin gaɓa ba.

Masu ɗakin gwajin kuwa a leda suke zuba komai. Ga dalma ba laifi. Ga PCB leda tana tsotse wani kaso, sai adadin ya faɗi. Kwalba mai duhu ake so, a ɗiba da cokalin ƙarfe marar tsatsa, a sa a cikin akwatin sanyi mai ƙanƙara. Ba su da na'urar GC-MS da ake auna PCB da ita, aikawa suke yi wani gari, kuma ba sa auna yawan ruɓaɓɓen abu a ƙasar sai an biya daban, alhali ba tare da shi ba adadin PCB ɗin ba ya faɗa maka abu mai yawa game da kayan lambu.

Mai zuwa ɗakin gwajin ya ɗebi saman ƙasa zuwa santimita 15 daga wurare 10 zuwa 15, ya gauraya. Lakar magudana a kwalbarta daban, kada a haɗa ta da ta gona.