Tamburawa ko bohal: ina ya kamata kuɗin ruwan Kano su tafi?

Ɗan'uwa, ka tambaya me ya sa gwamnati take zuba biliyoyi a manyan matatun ruwa alhali famfon gidanku a Kurna ya daɗe bai ɗiga ba, kuma ko ba gara a raba kuɗin a haƙa wa kowace unguwa bohal mai sola ba. Duk wanda yake sayen ruwan kura kullum safiya yana da haƙƙin yin wannan tambaya. Bari mu ɗora su a sikeli.

Mu fara da yawan ruwa. Sabuwar matatar Tamburawa, wadda aka gina zamanin Malam Ibrahim Shekarau, an tsara ta ne ta tace lita miliyan 150 a rana, ta Watari kuma miliyan 75. Jarkar ɗan ga-ruwa lita 25 take ci, ka ga Tamburawa kaɗai jarka miliyan 6 ke nan kullum, in tana aiki yadda aka tsara ta. Idan muka bi ma'aunin Hukumar Lafiya ta Duniya na aƙalla lita 50 ga mutum a rana, ruwan mutum miliyan 3 ne. Yanzu mu ɗauka bohal mai kyau yana ba da lita 30,000 daga fitowar rana zuwa faɗuwarta. Sai an haƙa irinsa 5,000 kafin a kamo Tamburawa, kowanne da tankinsa da injinsa da mai gadin farantan solarsa.

Ko da an samu kuɗin haƙa su, ƙasar ba za ta ba da ruwan ba. Ƙarƙashin birnin Kano dutse ne, ruwan da ake samu yana maƙale ne a ruɓaɓɓen dutsen da ke sama-sama da kuma tsagogin da ke ƙasa. Ba irin ƙasar Haɗeja ko Borno ba ce mai shimfiɗar yashi da ke riƙe ruwa. Shi ya sa za ka ga an haƙa nan an samu, an matsa layi na gaba an tashi a tutar babu. Mai hali ya zurfafa nasa, rijiyar maƙwabcinsa ta ƙafe tun kafin bazara ta yi nisa, kuma babu wanda zai rubuta wannan asarar a takardar kwangila. Ga kuma maganar tsabta. A lungunan cikin gari, tsakanin masai da rijiya wani lokaci katanga ce kawai. Ruwa ya fito garau a ido ba shi ne lafiyayye ba, kuma bohal ɗin unguwa ba mai awonsa, ba mai sa masa kulorin.

Amma kada in zalunci bohal. Cikin 'yan makonni an gama shi. Ba ruwansa da ɗauke wuta. In ya lalace layi ɗaya ne zai sha wuya, kuma an san wanda za a riƙe. A ƙauyuka da sababbin unguwannin bakin gari da bututu bai taɓa zuwa ba, ni ma bohal zan zaɓa ba tare da dogon tunani ba.

Ita babbar matata, inda ake ruɗar mu shi ne a ranar yanke kyalle. Kuɗin gini sau ɗaya ake biya. Abin da ke cin kuɗi kullum shi ne a jawo ruwan daga kogi, a zuba alif laka ta kwanta, a tace, a sa kulorin, sannan a tura shi da manyan injina har tankunan da ke kan tudu irin na Goron Dutse, ya gangaro gari. Duk wannan wuta yake ci, in babu wuta sai dizal. Ranar da kuɗin dizal ko na magani ya tsaya, matatar biliyoyi ta zama gini kawai a bakin kogi.

Sai bututu, wanda shi ne ainihin ciwon. Kano ta fara shan ruwan famfo daga Challawa tun farkon shekarun 1930, zamanin Sarki Abdullahi Bayero, lokacin da garin bai wuce ganuwa da Fagge da Sabon Gari da Nasarawa da 'yan unguwannin gefe ba. Gari ya ninka kansa, bututu bai bi shi ba, wanda ke ƙasa kuma ya tsufa, aikin titi da na gada sun farfasa wasu. Ka leƙa kwatar wani lungu ka gani: siraran bututun roba biyar, shida, sun bi ta cikin baƙin ruwa, an ɗaure inda ya tsage da robar tayar keke. Idan ruwa ya zo da ƙarfi yana tsartuwa waje. Idan aka ɗauke, bututun ya zuƙi na kwata, gobe shi ne zai fara fitowa a bokitin wani. A wasu ƙofofin gidaje har rami aka haƙa, a sauka da bokiti ƙasa da bututun, don ruwan ba shi da ƙarfin hawa famfo. To ko ka gina Tamburawa uku, ta wannan hanyar ruwan zai bi.

Daga nan sai zagaye: mutane sun ƙi biyan bil don ba ruwa, Hukumar Ruwa ba ta da kuɗin gyara don ba a biya. Da ruwan ciki ake jan na rijiya. Abin takaicin shi ne wanda ya ƙi biyan bil ɗin wata yana biyan ɗan ga-ruwa abin da ya ninka shi, kuma talaka ne ya fi sayen lita da tsada, don mai hali ya riga ya haƙa nasa a tsakar gida. Ka haɗa da kuɗin fiya wata, da na asibiti in taifot ko amai da gudawa suka shigo, da yarinyar da ke makara makaranta a layin tuƙa-tuƙa. Wannan shi ne farashin rashin babban aiki, sai dai a kasuwa da kemis ake biyansa, ba a kasafin kuɗi ba.

Akwai kuma wanda ke biya bai sani ba. Ruwan matatun Tamburawa da Challawa daga madatsu yake zuwa: Tiga da aka kammala a 1974 zamanin Audu Baƙo, da ta Challawa a Ƙaraye a 1992. Ba don su ba da rani kogunan sai yashi. Amma tun da aka tare su, ambaliyar da ke shayar da fadamun Haɗeja da Nguru ta ragu, ruwan da ake saki rani da damina ya ba kacalla dama ta toshe hanyoyin ruwa, masunta da makiyaya da manoman shinkafa na can suka ji a jikinsu. Gaskiya noman rani na Kadawa da Kura ya fi birni shan ruwan Tiga, amma duk wanda zai kawo sabuwar madatsa da sunan ruwan sha, a tambaye shi lissafin mutanen da kogin ke gangarawa wajensu.

Don haka a cikin birni mai cunkoso irin namu, ni ina bayan babbar matata, amma ba sabuwa ba tukuna. Da za a ba ni kuɗin, sai in fara da layin wuta na musamman da sola ga matatun da muke da su, in sauya manyan bututun da suka ruɓe, in sa mita a masana'antu da otal-otal da gidajen wanki mota kafin a taɓa gidan talaka. A unguwanni irin taku kuma a kafa wuraren ɗiban ruwan famfo inda 'yan ga-ruwa za su riƙa cika jarkokinsu da tataccen ruwa a kan farashin da aka sani, su ci gaba da sana'arsu har bututu ya iso layinku.