Kafin ka biya kuɗin hawa balan-balan: Kapadokiya, Luksor ko Dubai?

'Yan'uwanmu na Garwa da Marwa masu zuwa Istanbul sarin kaya sun fara kwaɗayin balan-balan ɗin nan mai kwando, saboda hotunan da suke gani a Facebook. Tun da aka ji na hau sau biyu, kullum sai wani ya leƙo shago: "Alhaji, ina ya fi?" Ga abin da nake gaya musu.

Abin nan ba shi da sitiyari, ba shi da birki. Matuƙi ya hura wutar gas, iskar ciki ta yi zafi, a yi sama. Ya ja igiya ya buɗe kafar da ke can ƙoli, zafi ya fita, a yi ƙasa. Gabas ko yamma kuwa sai inda iska ta nufa. Shi ya sa ake tashi da sanyin asuba, kafin rana ta motsa iska. Idan yadin wani balan-balan ya gogi yadin wani, yawanci ba ya yin komai. Masifa ita ce kwandon na sama ya taɓa yadin na ƙasa ya keta shi. Na ƙasa ba ya ganin abin da ke bisa kansa, don haka ƙa'ida ta ɗora wa na sama ya ba da hanya. Irin wannan karon ne ya kashe mutum 13 a Alice Springs ta Ostireliya a 1989, ya kuma kashe 'yan Brazil uku a Kapadokiya ta Turkiyya a watan Mayu na 2013.

Duk da haka ni Kapadokiya na zaɓa, kuma ita zan sake zaɓa. Daga Istanbul jirgi zai kai ka Kayseri ko Nevshehir cikin awa ɗaya da 'yan mintoci, mota ta ƙarasa da kai Goreme, wani gari a Kapadokiya. Wanda ya san duwatsun Rumsiki ta wajen Mokolo zai ga kamar 'yan'uwansu ne, sai dai waɗannan an fafe cikinsu an yi ɗakuna. Amma ba kyan wurin ya ja ni ba. Can hukumar jiragen sama ta Turkiyya ce ke ba da izinin tashi kowace safiya: tuta kore a tashi, rawaya a dakata, ja kowa ya koma masauki. Matuƙi ba shi da ta cewa, mai kamfani ma haka, ko da kuɗinka na aljihunsa. Aibinta cunkoso, don wata safiyar fiye da ɗari ne a sama. Ka kama ɗaki na kwana uku, saboda ana yawan soke tashi, musamman lokacin sanyi.

Luksor ta Masar ta fi araha, amma tun gobarar Fabrairun 2013, wadda ta kama ana shirin sauka ta ci mutum 19, raina bai kwanta da ita ba. Dubai sarari ne fetal babu cunkoso, sai dai tsada, kuma rairayi kawai za ka kalla, abin da mutumin Cadi ba ya buƙatar biza don ganinsa.

Yanzu maganar da ta fi damuna, dillalai. Hawana na farko ta hannun wani mai kanti a bakin titi na saya, don ya rage mini yuro 40, wajen sefa dubu 26. Takardar da ya ba ni babu sunan kamfanin da zai tashi da mu. Ya ce mutum 16 ne a kwando; da muka je sai da aka cusa 28, kafaɗa na gugar kafaɗa. Ba wanda ya nuna mana yadda ake zama in za a sauka. Da lokacin saukar ya yi, balan-balan biyar suka nufi fili guda, namu na bisa wani. Na leƙa, na ga saman yadinsa ja da fari yana tasowa, har ina iya ƙirga ɗinkin. Wata dattijuwa ta damƙe hannun rigata, ni kuwa sai salati. Sai a lokacin matuƙinmu ya ɗauki rediyo yana ihu, ya saki wuta har zafin ya dame ni a ƙeya. Da ƙyar muka haye, muka faɗa gonar inabi, kwando ya kwanta yana jan mu. Gwiwata ta dama har yau tana tuna mini duk sanyin hunturu.

Saboda haka kada ka ba kowa ko sisi sai ka ga sunan kamfanin a rubuce, da adadin mutanen kwando, da sharaɗin mayar da kuɗi in an soke tashi. Akwai masu buɗe shafi a Instagram da hotunan sata, su karɓi kafin alƙalami ta waya su ɓace. Akwai masu sayar maka da "yawon balan-balan", ashe mota ce za ta kai ka kan tudu ka yi kallo daga ƙasa. Akwai masu cewa ko an ɗaga jar tuta suna da hanya; wannan ka tashi daga gabansa kawai. Har mutanen masauki wasu suna da kamasho a ciki, su tura ka inda ya fi biyansu.

A hawa na biyu kai tsaye na je ofishin kamfani, na biya kwandon mutum 16, na tambayi shekarun matuƙin a wannan kwarin, ba a ji haushi ba. Kafin mu tashi sai da ya sa kowa ya gwada zaman sauka: baya ga inda aka nufa, gwiwa a lanƙwashe, hannu biyu riƙe da igiyar cikin kwando, waya a aljihu. Ya ce ko mun taɓa ƙasa kada wanda ya fita sai ya ba da izini, don nauyi na raguwa abin zai sake ɗagawa da sauran. Tun ana saman yake magana da maƙwabtansa ta rediyo, ya bar biyu suka riga mu sauka, sannan ya ajiye mu a kan tirelar motarsu. Kafin asuba suke ɗaukar mutum daga masauki, don haka ka fita da alwala da darduma, kuma ka tambayi abin da ke cikin kofin da suke miƙawa bayan an sauka.