Google Earth Engine: Yadda Na Same Shi a Binciken Fadamar Haɗeja-Nguru

Duk wanda ya taɓa sauke hotunan tauraron ɗan'adam da datar waya ya san wahalar. Hoto ɗaya na tauraron Sentinel-2 yakan kusan kai gigabait 1, ni kuwa aikina shi ne bin sawun ambaliya da yaɗuwar ciyawar kacalla a fadamar Haɗeja-Nguru shekara bayan shekara, tun bayan gina madatsun Tiga a 1974 da Challawa a 1992. Hotuna ɗaruruwa ke nan.

Abin da ya sa na riƙe Earth Engine, dandalin nazarin hotunan tauraron ɗan'adam ta intanet wanda Google ya ƙaddamar a 2010, shi ne ba ka sauke komai. Hotunan taurarin Landsat tun daga 1972 da na Sentinel-2 tun daga 2015 suna can jibge a rumbunsu. Kai dai ka rubuta umarninka da harshen kwamfuta na JavaScript ko Python, ka tura, manyan kwamfutocinsu su rarraba aikin a tsakaninsu, su dawo maka da taswira ko jadawali. Wato Malam ne ke zuwa wurin littattafai, maimakon a yi ta kwaso masa su a ka. Tsohuwar kwamfutata, wadda da ƙyar take buɗe hoto guda, da ita na auna faɗin ruwan fadamar na shekaru masu yawa. Idan na tura babban aiki kuma aka ɗauke wuta, can yana ci gaba abinsa, da safe in tarar da sakamakon a Google Drive.

Kyauta ne ga ɗalibai da masu bincike, ɗan kasuwa kuwa sai ya biya.

Inda na sha wuya shi ne damina. Daidai lokacin da ruwa ke malala, lokacin gajimare ke rufe sararin, ƙurar hunturu ma takan dusar da hoto. Tauraron Sentinel-1 ne ya fitar da ni, domin da na'urar rada (radar) yake gani, gajimare ba ya tare shi, sai dai karanta hotonsa na buƙatar haƙuri.

Sannan wanda bai taɓa rubuta umarnin kwamfuta ba, ya ware makonni na koyo tukuna. Taswirar kuma kada a yarda da ita ido rufe. A wasu wurare ta haɗa mini shinkafa da kacalla, sai da masunta suka kai ni cikin kwalekwale na tantance.