Kura ko Lere: Ina ya fi dacewa da mai son ci daga gonarsa?

Wani ɗan'uwa a wannan zaure ya ce yana son barin birni ya koma karkara da iyalinsa, ya noma abincinsu, ya kuma yi kiwo, amma hankalinsa ya rabu tsakanin ƙaramar hukumar Kura a jihar Kano da ta Lere a jihar Kaduna. Malam, ga yadda nake ganinsu.

Ta fuskar ruwa, Kura ce a gaba. Tana cikin yankin noman rani da ke samun ruwa daga madatsar Tiga, wadda aka kammala a 1974, shi ya sa manomi kan girbe shinkafa da damina, ya dawo da alkama ko tumatir ko albasa da rani. Lere kuwa dogaronta ga ruwan sama ne, sai dai daminarta ta fi ta Kano tsawo da yawan ruwa, domin takan fara tun watan Mayu ta kai Oktoba. Daga nan sai zaman jira, in ba mutum yana da fadama ko rijiya ba.

Amma batun ƙasa shi ne ya fi nauyi a wurina. Gonar da ke bakin magudanar ruwa a Kura tana da tsada, kuma rabon gado ya yanyanka yawancinsu ƙanana, ta yadda da wuya baƙo ya samu fili guda da zai ɗauki gida da garke da gonar hatsi. Noman can ma na kasuwa ne: tumatir ba ya zama a rumbu, kuma ba a manta da yadda tsutsa ta cinye shi a 2016 ba. Ga sauro, ga cutar tsargiya da ke kama yaran da ke wanka a magudanan. A Lere ƙasa ta fi yalwa, kuma abin da take bayarwa, wato masara da dawa da waken soya, abinci ne da ake ajiyewa a ci har shekara ta zagayo, kara da dusa su ishi dabbobi, rarar kuma a kai kasuwar Saminaka, hedkwatar ƙaramar hukumar. Matsalarta ita ce masara ba ta yi sai da taki, don haka kiwon da kake shiri wajibi ne, ba ƙari ba.

A ganina, mai neman kuɗin shiga rani da damina ya nufi Kura, amma kai da burinka ciyar da gida, Lere ta fi maka. Kafin ka biya, ka je a watan Afrilu ka ga ko rijiyoyin ƙauyen suna ƙafewa, ka tambayi mai unguwa halin tsaro da inda burtali ya bi, sannan ka nemi takardar mallaka daga ƙaramar hukuma, domin dokar filaye ta 1978 ta bai wa ƙananan hukumomi ikon filayen karkara.